Masu tattaki, ga Kogin Kaduna nan yana jiran ƙafafunku

Malam Edita,

Assalamu alaikum, barka da aiki, ya fama da jama'a. Don Allah a sam min ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da wata magana da ta kwana biyu tana ci na, in ta yi tsawo a datse gaisuwar amma a bar min tsakiyar.

Ni tela ne a Kabala Doki nan Kaduna, kuma ba son raina ne ya sa na fara gudu ba, likita ne ya ce ko in motsa jiki ko hawan jini ya motsa ni. Toh shi ne na shiga wata 'yar tawaga ta masu gudun safiyar Asabar, ba mu cika ashirin ba, akwai malaman makaranta biyu, akwai wani dattijo ɗan sanda mai ritaya da muke ce ma Baba, sauran kuma yara ne masu shirin shiga soja da kullum suke barinmu a baya. Ana idar da sallar asuba mu tashi ta wajen Gamji mu zaga Murtala Square mu dawo, ranar da ƙarfi ya zo mu haye gada mu leƙa ɓangaren Barnawa.

Ranar da abun ya faru an kwana ana ruwa, irin na farkon damina ɗin nan mai wanke gari. Mun tsaya kan gada muna haki kowa da fiya wata a baki, sai na leƙa ƙasa. Wallahi Edita gefen kogin ba ka ganin ruwa, leda ce baƙa da fara, robar lemo, farin tekawe na shinkafa, famfas ɗin yara, warin silifas, duk sun taru sun yi kaman tabarma sai juyawa suke a hankali. Wani yaro cikinmu ya ce ai ba komai ruwa zai tafi da shi. Baba ya juyo ya ce masa, "Ya tafi da shi ina, ɗana?" Yaron ya yi shiru, mu ma duk muka yi tsit, ni kuwa a lokacin ledar da na gama shanyewa tana hannuna har na ɗaga zan wurga. Sai na lallaɓa na tura ta aljihu kaman wanda ya yi sata.

Tambayar Baba ce ta sa na zauna da daddare na bi sawun kogin nan a waya. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso garin nan ya raba shi biyu, ya shiga jihar Neja ta Shiroro da Zungeru, bayan tafiyar wajen kilomita 550 ya faɗa Kogin Neja a Mureji, can tsallaken Fategi. Shi kuma ya gangara Lokoja ya haɗu da Binuwai, su wuce Onica, su bazu a yankin Neja Delta su zube a Tekun Atlantika. Ke nan kwatar ƙofar shagona tana da hanya har teku. Na san wani zai ce ai dam ɗin Shiroro zai tare, eh yana tare wasu, amma tarewa ai ba ɓacewa ba ne, roba ba ta ruɓewa kaman ganye, rana da ruwa ne za su farfasa ta ta koma ɓurɓushi wanda wani ma ido ba ya gani, kifi ya haɗiye, mu kuma mu haɗiyi kifin. A 2017 wasu masu bincike a Jamus sun lissafa koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku, takwas a Asiya suke, biyun Afirka kuwa Nilu ne da Neja. Daga baya wasu sun sake lissafi sun ce ba goma kaɗai ba ne, ƙananan koguna sama da dubu ne ke da mafi yawan laifin, amma dai wannan bai wanke mu ba.

Na san abun da mai karatu yake faɗa a ransa, wai mu 'yan Arewa ina ruwanmu da teku, wasunmu ba su taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi in Allah ya kira su Makka. Toh titus ɗin da uwargida take sa wa a miya fa, da shawa, da kifin gwangwani, a Rafin Guza aka kamo su? Ruwan daminar da muke shuka masara da shi, mu dai mun saba ganin hadari yana tasowa daga gabas, amma danshin da ke haɗa shi iska ce take ɗauko shi daga tekun can kudu ta kawo mana. Hatta iskar oksijin da muke shaƙa, kusan rabinta wasu ƙananan tsirrai ne na cikin teku suke samar da ita. Ba zan tsaya a nan ba don ba darasin kimiyya na zo yi ba, abun da ya kawo ni daban ne.

Cikin bin sawun nan ne na ci karo da labarin wani Bature mai suna Lewis Pugh, lauya ne, haifaffen Ingila da ya taso a Afirka ta Kudu, shi sana'arsa ta biyu ita ce shan wahala cikin ruwa don a kula da teku. A 2007 mutumin nan ya je can ƙuryar arewacin duniya inda ya kamata a ce ƙanƙara ce ko'ina, ya tarar ta narke har da sararin yin iyo, ya shiga daga shi sai ɗan kamfai da hula da tabarau, ya yi ninƙayar kilomita ɗaya cikin minti 18 da sakan 50, a ruwan da sanyinsa ya kai digiri 1.7 ƙasa da sifili, gishiri ne kawai ya hana shi daskarewa. Ka tuna fa mu nan in hunturu ya kankama wani sai ya kwana uku yana dabara da wankan fuska da ƙafa. A 2018 kuma yana da shekara 48 ya bi gaɓar kudancin Ingila da iyo, daga Land's End har Dover, sama da kilomita 500, kwana 49 yana abu ɗaya, kafaɗa ta ƙi, halittun ruwa masu harbi suna ta harbinsa, bai fasa ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2022 da ya ratsa Bahar Maliya daga ɓangaren Saudiyya zuwa Masar, kilomita 123 cikin kwana 16, dab da babban taron sauyin yanayi da aka yi a Sharm el-Sheikh, saboda murjani. Eh murjanin nan dai da kakanninmu mata suke sa wa a wuya, ashe halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku, kifaye a jikinta suke hayayyafa, kuma masana sun ce in zafin duniya ya ƙaru da digiri 2 kusan dukkanta za ta mutu.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wannan dabarar take ci. Mu nan kunne ya ƙoshi da magana, kullum wokshop, kullum taron wayar da kai a otal, a raba tishat da hula da kuɗin mota, a ɗau hoto kowa ya watse, a hanyar fita ma a ƙofar otal ɗin za a yar da ledar ruwan da aka raba. Amma mutum in ya sa jikinsa a wahala ba wanda ya aike shi, dole ka tsaya ka ce bawan Allah me ya yi zafi? Wannan tambayar ita ce ƙofar, kai ka buɗe ta da bakinka, don haka dole ka saurari amsa. Kuma mu ba baƙin wannan ba ne. Je ka filin sharo ka ga yadda ake kallon yaron da aka zuba wa bulala bai ko ƙifta ido ba, ko ɗan damben da ya sha ƙasa ya tashi. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya hajji ta Chadi da Sudan har Suwakin kafin su haye ruwa, wani shekaru yake yi a hanya, in ya dawo kuwa duk abun da ya faɗa an ji. Bahaushe zai iya musu da bakinka amma ba ya musu da kumburin ƙafarka.

Toh ga inda abun ke min ciwo. A 2015 da Buhari ya ci zaɓe, Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a ƙafa, kwana 18, duk garin da ya shiga sai an fito tarbarsa, rediyo da talabijin da Facebook ba maganar da ake sai tasa. Shi dai alkawari ya ɗauka ya cika, ba ni da ta cewa a kansa. Amma daga nan fa tattaki ya zama yayi, wannan ya taka don gwamna, wancan don sanata, wani ya hau keke don ɗan majalisar da ko sunan ƙauyensu bai sani ba, har yau duk bayan zaɓe sai mun gani. A ƙarshe a karɓe shi a ofis, a yi musabaha a ɗau hoto, in ya yi sa'a a miƙo ambulan, in bai yi ba kuɗin motar komawa ma sai an yi masa karo-karo. Ƙarfin nan fa na gaske ne, jama'ar da ke fitowa kallo ta gaske ce, amma ko kwalbati ɗaya ban ji an gyara ba saboda tattakin wani. Akwai dai wanda ya burge ni, wani mai koyar da ninƙaya a Legas da ya bi tsawon gadar Third Mainland da iyo a 2024, kusan kilomita 12, don jawo hankali kan masu faɗawa ruwa daga kan gadar saboda damuwa. Wannan ya san abun da ya fito nema.

Bambancin ke nan a ganina. Shi Baturen can ba ya shiga ruwa sai da buƙata guda ɗaya a hannu wadda ko yaro zai iya maimaitawa. Na 2018 cewa ya yi a killace kashi 30 cikin 100 na tekunan duniya kafin 2030, ranar da ya fito a Dover ministan muhallin Birtaniya na lokacin, Michael Gove, yana bakin ruwa yana jiransa, ba a daɗe ba gwamnatinsu ta rungumi lambar, a Disambar 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da ita a taron Montreal na Kanada. Haka ya yi a Tekun Ross can ƙuryar kudu, ya yi iyo a 2015, ya dinga zarya Mosko don Rasha ce ta ƙi sa hannu, a Oktoban 2016 aka killace wuri mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.55, wato ya fi Najeriya ɗaya da rabi. Ba ina cewa shi kaɗai ya yi ba fa, masana da ƙasashe sun yi shekaru suna fama kafin ya zo, kuma wannan na cikin abun da ba na so a harkar, kyamara ta fi son jarumi guda a kan mutum ɗari da suka yi aikin a ɓoye. Sannan abu ne na masu hali, jirgin rakiya, likita, masu ɗaukar bidiyo, masu ɗaukar nauyi, tikitin jirgin sama, wanda shi kansa hayaƙi ne. Kuma sa hannu a takarda daban, hana jiragen kamun kifi shiga daban. Duk na yarda. Amma dai ya shiga da lamba ya fito da lamba, namu kuwa su shiga da hoton oga su fito da hoton oga.

Wai killace ruwa ma da ake ta kawo mana da turanci kaman sabon abu, ai Kabawa sun riga su. A Argungu ba a barin kowa ya yi su a kogin Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na nan yana lura, shi ya sa ranar da aka buɗe ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru a kansa. Tun 1934 ake bikin nan, UNESCO ma ta sa shi a kundinta a 2016, kuma a cikinsa akwai kabanci, tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwa. Ga wasan juriya ga kiyaye ruwa a wuri guda, a gidanmu, da harshenmu. In ka ce wa mutumin ƙauye ana so a yi wa teku abun da ake yi wa Matan Fada, ba sai ka ƙara bayani ba.

Shawarata ga matasanmu masu ƙarfi a jika ita ce a juyo da tattakin nan kan kogi. Burina dai wata rana a yi gudun miƙa sanda daga Kaduna har bakin teku, sandar kuma kwalbar roba ce guda da aka tsamo a ƙarƙashin gadarmu, 'yan Kaduna su miƙa wa Gwarawa, su miƙa wa Nufawa su sa ta a kwalekwale, a Lokoja wasu su karɓa, haka har ta isa hannun masuntan Neja Delta, duk garin da aka tsaya a yi bayani da yaren wurin. Amma ba zan yaudari kowa ba, yankin Shiroro yadda tsaro yake ba wurin da za a tura ɗan wani da gajeren wando ba ne yanzu. Don haka a fara da cikin gari. An yi Kaduna Marathon a Nuwamban 2020, kilomita 21, mun ga yadda mutane suka cika titi har da 'yan Kenya, ke nan garin nan zai iya ɗaukar gudun yada ƙanin wani. A yi irinsa amma a bi kogi, a taso ta Malali a gangaro Unguwan Rimi da Kabala a haye a bi ta Barnawa da Nasarawa a dawo, masu keke su yi nasu, dattawa da mata su yi tattaki gwargwadon ƙarfinsu. Kogin nan da ake cewa shi ya raba mu arewa da kudu, sharar Tudun Wada da ta Sabon Tasha ai a cikinsa suke haɗuwa ba tare da sun tambayi juna addini ba, don haka liman da fasto duk a kira su. Malamanmu sun fi ni sanin ayar nan ta Suratur Rum da ta yi maganar ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abun da hannayen mutane suka aikata, huɗuba ɗaya a kanta ranar Juma'ar da ke gaban gudun ta fi fosta dubu.

Don Allah kar wani yaro ya karanta wannan ya ce zai zama Lewis Pugh ya faɗa Kogin Kaduna. Ruwan nan yana cin mutane, musamman in ya kawo, ga tsargiya ga ƙazanta, kuma sunan garin ma daga kada aka samo shi. Iya ruwa fidda kai. Ɓangaren ruwa a bar wa masunta da masu fito da suka san shi, su ma da rigar kariya.

Buƙatar kuma guda ɗaya za a riƙe, kar a tashi da goma a dawo da babu. Ni a nawa ganin a nemi a sa ragar ƙarfe a bakin manyan kwatocin da ke zuba cikin kogi, da motar da za ta dinga kwashe abun da ragar ta tare, don in ba a kwashewa toshewa za ta yi ruwa ya koma gidajen mutane, mu na Kabala da 'yan Kigo Road ba sai an ba mu labarin ambaliya ba. A rubuta adadin kwatocin da sunan unguwanninsu a takarda ɗaya, wanda ya zo na ɗaya ya miƙa wa hukuma a gaban 'yan jarida, bayan wata shida a sake gudu a je a ƙirga nawa aka sa. Maganar hana tekawe irin yadda Legas ta yi a Janairun 2024, ko hana leda irin na Ruwanda tun 2008 da Kenya a 2017, a bar ta sai gaba, don in ka ce a hana fiya wata yau me talaka zai sha, famfon da ba ya zuwa?

Wani abokina mai shayi da na ba shi labarin nan dariya ya yi ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman na masara kai kana maganar kifin teku. Ban ga laifinsa ba. Amma na tuna masa bara da ruwa ya shiga rumfarsa ya jiƙa masa buhun suga, da aka buɗe kwalbatin me aka tarar a ciki? Kuma shi da kansa ina gani hadari na haɗowa yake tura yaro ya juye bola a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Sai ya ce in sha shayina in ba shi wuri.

Mu dai a tawagarmu mun fara ɗan abun da za mu iya. Ashe har suna gare shi a Turai, a Suwidin aka faro shi wajen 2016, ana gudu ana tsintar shara. Asabar uku ke nan muna fita da buhu, kuma gaskiya ya fi gudun zalla wahala, sunkuya tashi sunkuya tashi, cinyata har yau ba ta dawo daidai ba. Mutane na tsayawa suna kallonmu, wasu su ɗauka gwamnati ce ta ɗauke mu aiki su tambayi nawa ake biya, wasu su ce sabon hauka, amma dai suna tambaya, mu kuma Baba ya hana mu wucewa sai mun ba da amsa. Satin farko mun yi wauta, muka tara buhunan a bakin titi muka tafi, kafin yamma awaki sun yaga ruwan sama ya mayar da rabi inda muka ɗebo. Yanzu mun shirya da wasu 'yan jari bola suna karɓar robobin lemo da na ruwa, amma baƙar leda da famfas da tekawe ba mai so, nan ne muka maƙale, in akwai mai motar kwasar shara ko ma mai a-kori-kura da zai taimaka mana da sawu ɗaya duk Asabar muna nema.

Edita in da hali a turo mana wakilinku ya zo ya ga ƙarƙashin gadar da idonsa, ya fi in ya zo washegarin ruwa. Masu karatu na Wuya da Mureji da Lokoja kuma don Allah ku rubuto ku faɗa mana abun da ke iso muku daga wajenmu. Wanda ke son shiga gudun, muna haɗuwa a ƙofar Gamji ƙarfe shida na safiyar Asabar, ya zo da ruwansa a gora ba a leda ba, buhu da safar hannu kuma kar ya damu, ina da ragowar yadi a shago ni nake ɗinkawa.

Naka,
Wani tela mai gudun Asabar,
Kabala Doki, Kaduna.